Kafin Ka Sayi Maka, Je Ka Shafa Bangon Tukuna

 Ina gaida mutanen Birchi, na Kurfi, na Dutsin-Ma, da 'yan uwa masu bibiyarmu daga nesa. Waɗanda data ba ta bari sun saurari muryar ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau zancen maka za mu yi. Eh, maka dai, wannan alƙalamin mai kaurin baki da malamai ke rubutu da shi a farin allo. Don Allah kada wani ya ce zai yi mata jam'i ya ce "makoki", ba mutuwa aka yi ba. Na san wani zai ce, ana fama da tsadar taki da masara, kai kana zancen maka? To ɗan uwa, ka ɗan tsaya ka ji, domin akwai kuɗi a cikin maganar, akwai lafiya, kuma a yankinmu har da rai.

Kwanan nan ƙannenmu da yawa sun shiga harkar zane, maza da mata. TikTok da YouTube ne suka jawo. Za ka ga wani a Japan ko Amurka ya buɗe akwati cike da maka, ya ja layi biyu, launi ya narke cikin launi kamar man shanu a tuwo mai zafi. Sai yaro ya tara ɗan abin da ya samu a kabu-kabu ko shagon cajin waya, ya aika Kano a sayo mashi irinta. Ta iso, ya nufi katangar siminti da ita. Kafin minti goma bakin ya cinye, bayan sati uku rana ta shanye rubutun. Sai ya ce jabu aka sayar mashi. Wani lokacin jabun ce, gaskiya ne. Amma sau da yawa makar lafiyarta ƙalau, wurin da aka kai ta ne ba nata ba.

Bari mu fara da abin da kowa ya sani. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san tawada. Gawayi ko baƙin tukunya, a haɗa da ƙaro, a zuba ruwa. Abu uku ke nan: abin da ke ba da launi, ruwan da ke ɗauke da shi zuwa kan allo, da ƙaron da ke liƙe shi in ruwan ya bushe. Wallahi duk makar da ke duniya, daga ta shagon unguwa har wadda ake odarta daga Tokiyo, abubuwan nan uku ne a cikinta. Abin da ya raba su kawai shi ne me aka sa a gurbin kowane.

Launin iri biyu ne, kuma nan ne na fi so ku riƙe. Akwai rini, wanda ke narkewa cikin ruwansa gaba ɗaya kamar sikari a shayi. Akwai kuma garin launi, wanda ba ya narkewa, yawo kawai yake yi cikin ruwan kamar gari a kunu, in ka ajiye sai ya kwanta. Shi ya sa wata makar in ka girgiza za ka ji ƙwallo yana kas-kas a ciki: ludayinta ke nan, shi ke dama kwancin. Rini yana da haske da kyau a takarda, amma hasken rana yana karya shi. Garin launi shi ke jure rana. Tawadar malamanmu garin gawayi ce, shi ya sa za ka ga takardar da kakan kakanka ya rubuta har yau baƙinta na nan. Matsalarta ɗaya, ƙaro ba ya jure ruwa, kuma dama haka ake so, don a iya wanke allo. Kamfanoni sai suka cire ƙaro suka sa wani irin danƙo na roba, wanda in ya bushe ruwa ba ya narka shi. Kun ga asirin ya ƙare.

Yanzu mu shiga kasuwa. Makar farin allo, irin su Snowman da ake gani a ajujuwa, mu wuce ta da sauri. An sa mata wani maiƙo ne da gangan don kada ta kama. Ta koyarwa ce, ka bar wa malam abarsa.

Ta biyu ita ce wadda aka rubuta Permanent a jikinta. Sharpie ita ce ta fi suna, tun 1964 take kasuwa a Amurka, akwai kuma Artline da Edding da sauransu. Wannan kalmar ta Permanent ta yaudari mutane da yawa. Abin da ake nufi shi ne ruwa ba zai wanke ta ba, hannu ba zai goge ta ba. Ba wanda ya yi maka alkawari game da rana. Yawancinsu rini ne cikin sifirit. Ka dubi kwalayen da masu shago ke rubuta "akwai fetur" ko "ana cajin waya" su rataya a waje. Baƙin yakan koma ruwan toka ko shuni-shuni, ja kuwa sai ka matso kusa kafin ka karanta. Don rubuta suna a buhu, a jarka, a kwalin kaya, ba ta da na biyu. Nan aikinta ya tsaya.

Ta uku ita ce wadda ke sa yara zubar da miyau a bidiyo, makar zane mai sifirit, mai baki biyu, ɗaya siriri ko mai laushi kamar buroshi, ɗaya mai faɗi. Sarauniyarsu Copic, wani kamfanin Japan mai suna Too ya fito da ita a 1987, kuma tana da launi 358. Ana ƙara mata tawada, ana canza mata baki, don haka mai sana'a zai iya shekaru da guda ɗaya. Ba zan ɓoye maku ba, tana da daɗin aiki. Sifirit yana bushewa nan take, ba ya jiƙa takarda ta cukurkuɗe, kuma in ka ɗora launi kan launi kafin ya bushe sai su haɗe ba tare da an ga gaɓa ba. Amma guda ɗaya ta haura dala 5 a can inda ake sayar da ita. A 2024 mun ga dala ta taka naira 1,500. Ku yi lissafin da kanku: maka ɗaya sama da dubu bakwai, kafin kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Goma kacal sun cinye mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ga mai koyo, ni ban ga dalili ba. Akwai Ohuhu, akwai Touch ta kamfanin ShinHan na Koriya, akwai kuma tarin na Chana masu kwaikwayon sunan Touch ɗin. Na Chanan launinsu ba ya daidaita da na murfi, bakinsu yakan yi gashi da wuri, amma hannu suke koya maka, kuma hannun ne jarin.

Abin da ba a faɗa a bidiyon shi ne, duk dangin nan, har Copic ɗin, rini ne. An yi su ne don masu zana samfurin kaya da littattafan barkwanci, waɗanda za a ɗauki hoton aikinsu a buga. Ba a yi su don a rataya a rana ba, balle bango. Kuma suna huda takarda. In ka yi zane a littafin makaranta, shafi uku za su sha. Ka nemi kwali mai santsi, irin farin katbod da ake sayarwa a shagon littattafai, ka shimfiɗa wata takarda a ƙasa. 'Yan uwa mata masu zana samfurin ɗinki ko koyon zanen lalle a takarda, wannan dangin ya dace da ku, kuma ba kwa buƙatar launi tamanin. Goma sha biyu da ruwan toka kala uku sun isa. Don Allah dai kada a gwada a fatar amarya, ba don jiki aka yi ta ba.

Sai ta huɗu, makar fenti, wato mai ƙwallon nan a ciki. Ita ce ta bango da ƙarfe da katako. Kashi biyu ce. Mai ruwa, wadda Posca ta kamfanin Mitsubishi Pencil ta fi shahara a cikinsu, sai Molotow ta Jamus. Ba su da wari, suna rufe abin da ke ƙasa ruf, har fari kan baƙi yana fita tas. Ku lura da lambar jiki, ita ke gaya maka faɗin baki: a Posca, PC-3M siririya ce ta ƙananan aiki, PC-5M matsakaiciya, PC-8K milimita 8, PC-17K milimita 15. Kashi na biyu mai mai, irin su Uni Paint da Edding 750. Waɗannan su ne na ƙofar shago, bodin Keke, tankin ruwa, allon ƙarfe. Akwai ma wata ta Sakura da ake kira Solid Marker, daskararren fenti ne kamar jan baki, ana murɗa shi ya fito, yana kama ƙarfe mai tsatsa da wuri mai kaushi. Kafinta da mai walda za su ji daɗinta.

To, a nan ne nake so mu dawo gida. Ka fita ƙofar gidanku a Birchi ka shafa bango da tafin hannu. Me ka ji? In ginin ƙasa ne mai yaɓe, ka manta da maka kwata-kwata, ƙura za ta toshe bakin tun harafin farko. In farar ƙasa aka shafa, ka duba hannunka, ya yi fari. To duk abin da ka ɗora a kai, tare za su zube da ruwan farko. In filastar siminti ce mai kaushi, wannan fayil ce, bakin maka kuwa audugar roba ce da aka matse, ka san wanda zai ci wani. In kuma simintin sabo ne, yana da zafi irin na kanwa da ke ɓata launi, masu fenti na barinsa kamar sati huɗu ya huce. Bangon da maka ke so shi ne mai santsi wanda ya sha fenti ya bushe. Bango nawa ne irin wannan a unguwarku?

Shi ya sa ra'ayina, kuma na san masu son kayan waje ba za su ji daɗi ba, shi ne babban aiki a bangonmu na fenti da buroshi ne. Ka goge wurin, ka shafa farin fentin ruwa sau biyu, ka fitar da zanenka da alli, ka cika da buroshi. Makar fenti a ƙarshe take shigowa, don jan layin gefe da gyara kusurwar haruffa. Galan ɗaya zai rufe abin da maka talatin ba za su rufe ba. In kuma dole kana son jin abu a hannunka kamar na 'yan bidiyo, ka samu robar man takalmi na ruwa, mai soso a baki, ka wanke ta, ka zuba fentin ruwa da ka ɗan sassauta. Kada ka ji kunya, yaran New York na farko da irin wannan dabarar suka fara, robar man takalmi da guntun abin goge allo. Sai daga baya kamfanoni irin su Krink suka mayar da abin haja mai tsada.

Ga kuma yanayinmu. Hunturu yana busar da bakin maka kafin ka gama gaisawa da mai wucewa, don haka murfi ya zauna a hannunka na hagu, ka ja layi ka rufe, sai ka ji ƙas. Zafin Maris da Afrilu kuwa, kada ka bar su cikin but ɗin mashin ko a taga ƙarƙashin kwano. Masu baki biyu a kwance ake ajiye su, don kada tawadar ta taru gefe guda. Mai sifirit in ta fara bushewa, ɗigo biyu ko uku na sifirit ɗin kemis zai tashe ta, sai dai launin zai ɗan yi sanyi. Mai ruwa kuma, ka zare bakin ka wanke da ruwa ka mayar.

Kafin ka karɓi aikin kuɗi, ka yi wannan gwajin, ba ya cin ko sisi. Ka samu guntun katako ko kwano da ka shafa wa irin fentin bangon. Ka ja layi da kowace maka, ka rubuta sunanta a gefe da fensir. Ka rufe rabin layukan da kwali mai kauri, ka ɗora a rufin ɗaki sati biyu ko uku. In ka sauko da shi ka buɗe, za ka ga wadda ta riƙe amana. Ka zuba ruwa, ka murza da babban yatsa. Galibi masu ƙyalƙyalin nan, ruwan hoda da shanshanbale da kore mai ɗaukar ido, su ke fara gudu. Baƙi da ruwan ƙasa su ke jurewa. Wannan gwajin ya fi duk wani mai talla a intanet gaskiya, domin shi bai taɓa tsayuwa a ranar Kurfi da azahar ba.

Sai maganar wari. Wasu masu mai da wasu masu arha ana sa masu wani sinadari, xylene, ɗan uwan tina ne. In ka buɗe murfi ka ji ya doki ƙwaƙwalwarka, shi ne. A ɗaki rufe yana sa ciwon kai da jiri, daɗewa ana shaƙa kuma yana taɓa ƙwaƙwalwa. Mun san abin da sholisho ya yi wa yara a garuruwanmu, ba sai na tsaya bayani ba. Ka duba jikin makar, masu kyau sukan rubuta Xylene free. Ka yi aiki a waje ko ka buɗe taga, kuma kada ka bar ta inda ƙanenka ɗan shekara goma zai mayar da ita turare.

Yanzu ga ɓangaren da ya sa na zaɓi wannan batu. Abin da ake kira girafiti, a yadda duniya ta san shi, a Filadelfiya da New York ya tashi wajen ƙarshen shekarun 1960. Wani matashi ɗan aike, ɗan asalin Girka, ya riƙa rubuta TAKI 183 da maka duk inda ya bi, laƙabinsa da lambar titinsu. Jaridar New York Times ta yi labarinsa a watan Yulin 1971, sai dubban yara suka kwaikwaya. Ƙa'idar wasan ita ce ka rubuta sunanka a ɓoye, yawanci da dare, inda ba a ba ka izini ba. Hukumomin birnin sun yi ta yaƙi da abin har zuwa 1989 kafin su raba jiragen ƙasansu da shi.

Ɗan uwa, wannan ƙa'idar kada ka shigo mana da ita nan. Kowa ya san halin da Kurfi, Dutsin-Ma, Safana da Batsari suka shiga a shekarun nan. Kowa ya san nauyin kalmar "infoma". Tun Oktoban 2023 gwamnatin Dikko Raɗɗa ta ƙaddamar da dakarun tsaron al'umma, ga 'yan sintiri, ga mutanen gari da ba sa barci da ido biyu. Yanzu ka kwatanta: ƙarfe ɗayan dare, an haska fitila, an ga saurayi da hula mai rufe fuska yana yi wa gidan wani alamar da ba wanda ya iya karantawa. Wa zai tsaya ya ji bayanin TAKI 183? Abin da za a fara kawowa shi ne an yi wa gidan shaida ne don masu zuwa daga daji. A New York tara ko ɗan ɗauri za ka sha. A nan, ina tsoron ba za a kai ga ofishin 'yan sanda ba. Ko da rana ma, ɓata dukiyar wani laifi ne a dokar Penal Code, ban da haƙƙin maƙwabtaka.

Kuma mu ba baƙin rubutun bango ba ne, balle a ce sai mun ara. Ku dubi ƙofofin gidajenmu, allin masu rigakafin shan inna na nan layi-layi da kwanan wata. Ga "ba a fitsari a nan". Ga sunayen 'yan takarar 2023 da har yau ba su goge ba, wasu masu sunan ma sun manta hanyar garin. Ka je tsohon birnin Zariya, ko Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, ka ga zayyanar da magina suka fitar a fuskar gidaje, dagi da sauran kitse-kitse, da yaɓen makuba. Ka dubi zayyanar allon sauka. Ka dubi bayan manyan motoci. Duk wannan da rana aka yi shi, mai gida na tsaye, kuma an biya mai aikin. Ni a wurina wannan ya fi burgewa.

In kana son misali daga waje, ka bar New York ka dubi Dakar. Wajen 1990 matasan birnin suka tashi da wani yunƙuri da suka kira Set Setal, wato tsabta da tsabtacewa a harshen Wolof. Suka kwashe shara, suka yashe kwatoci, suka cika bangon unguwanni da zane da saƙonni, jama'a na ba su gudummawa. A 2020 kuma, lokacin korona, masu zanen bango na birnin ne suka riƙa zana yadda ake wanke hannu. Wannan za mu iya. Katangar firamare, ta asibitin sha-ka-tafi, ta filin ƙwallo, duk suna nan fayau. A je wurin hedimasta ko mai unguwa da samfurin zanen a takarda, a nan makarka mai sifirit za ta yi amfani. Ka sani da yawan masu bango ba za su so hoton mutum ko dabba ba, to ka tanadi rubutu mai kyau, na boko da na ajami, da zayyana. In aka amince, ka zo da safe, fuska a buɗe, ka sa sunanka da lambarka a ƙasa. Mai shayi zai gani, mai kemis zai gani, mai ɗinki zai ce a yi mashi a ƙofar shago. Dutsin-Ma kaɗai, tun da aka kafa jami'ar tarayya a 2011, ga kuma kwalejin Isa Kaita, shaguna nawa aka buɗe masu neman a rubuta masu suna? Masu buga bana sun karɓe kasuwar, na sani, amma bana takan koɗe ta yage, iskar farkon damina ta tafi da ita.

Da ni ne mai farawa yau da ɗan kuɗi kaɗan, fensir da katbod zan fara saya, da ƙaramin saiti na masu sifirit masu arha don samfuri. Sai makar fenti baƙa guda biyu, siririya da mai faɗi, da fara guda ɗaya. Ragowar kuɗin duk fentin ruwa da buroshi biyu. In za ka aika Sabon Gari a Kano ko babbar kasuwar Katsina, ka ce wa ɗan aiken ya girgiza ya ji ƙwallon, ya duba ledar ba a ɓare ba, kuma bakin sabuwar makar fenti fari ne tas, sai an danna tawada ke saukowa. In ya ga bakin da launi tun a shago, wani ya riga ka.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan yadda ake yanka wa aikin hannu farashi, musamman in mai aikin kawunka ne.